Salansar babur a ƙasar noman rani: me ake samu in an fafe ta, me ake rasawa?

Daga Karfi har a wuce Kura a kan titin Zariya, ko a hanyar Bunkure zuwa Rano, da wuya ka ga rumfar bakaniken babur ba ka ga mai walda kusa da shi ba. Cikin ayyukan da ke haɗa su biyun akwai salansa. Ta wani ta ruɓe, ta wani ta tsage a wuya, ta wani kuma lafiyarta ƙalau, shi dai so yake a fafe mata ciki. Za ka ji saurayi yana cewa, "Oga, a ɗan buɗe mata hanya, mashin ɗin nan ba ya numfashi." Sai a yanka ta, a zare abin da ke ciki, a mayar da walda, a buga kik. Ƙara ta cika wuri, mai babur ya biya ya tafi, zuciyarsa fal da cewa injinsa ya ƙara ƙarfi. Ni a ganina, a mafi yawan lokuta ƙara kawai ya saya, kuma zai ci gaba da biyan kuɗinta da mai, da ja, da kwanakin injinsa. Idan kuwa babur ɗin mai silinda biyu ne, asarar ta fi haka.

Kafin a taɓa salansa, ya kamata a tambayi irin aikin da babur ke yi a wannan yanki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta babban kanal zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Shinkafa, alkama, masara, albasa, tumatir, duk shekara ƙasa ba ta hutawa. Babur ne ke shiga inda mota ba ta shiga. Shi ke kai taki da iri ta kan gaɓar kanal, shi ke ɗauko injin ban ruwa da tiyonsa, shi ke fito da buhun shanshera ko kwandon tumatir zuwa bakin titi, wani har kasuwar Kwanar Gafan. Tafiya ce ta giya ɗaya da giya biyu, da kaya mai nauyi, cikin taɓo ko rairayi, a zafin Afrilu da kan kai digiri 40. Abin da irin wannan babur ke buƙata shi ne ja tun daga ƙasa, tun inji bai ɗau zafin juyi ba. Gudun ƙarshen totur na masu tsere ne, kuma kusan duk gyaran salansar da samarinmu ke kwaikwaya daga bidiyon waya don masu tsere aka ƙirƙire shi.

Yawancin baburan da ke wannan aiki a yau masu silinda ɗaya ne, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da TVS. Amma masu silinda biyu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ya san Honda Benly, ya san Roadmaster, babur mai salansa biyu masu sheƙi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, na malaman makaranta da malaman gona da manyan manoma. Har yanzu akwai masu riƙe da su, suna lallaɓa su, wasu ma suna tada waɗanda suka daɗe a jingine. Ga kuma manyan babura na hannu da ake shigowa da su daga waje, waɗanda da yawansu silinda biyu gare su. Duka biyun matsalarsu ɗaya: salansar asali tana wuyar samu, don haka ƙarshenta sai an je wurin mai walda.

Inji mai bugu huɗu yana shaƙar iska da mai, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi, kuma kowace silinda sau ɗaya take kamawa a cikin juyi biyu na karanshaf. Hayaƙin ba a miƙe yake fita ba. Da bawul ɗin fitarwa ya buɗe, sai ya faso a dunƙule da zafin da kan haura digiri 600, ya tura wata igiyar matsi a gabansa. Wannan igiya tana tafiya da saurin sauti, wanda a cikin hayaƙi mai zafi yakan kai kimanin mita 500 a daƙiƙa ɗaya. Idan ta isa inda bututu ya buɗe ko ya yi faɗi farat ɗaya, wani ɓangarenta yakan juyo baya, amma a wannan karon a matsayin zuƙa. To akwai wani ɗan lokaci a ƙarshen bugun fitarwa da bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba, na shaƙa kuma ya riga ya fara buɗewa. In zuƙar nan ta dawo daidai wannan lokaci, sai ta janye ragowar hayaƙi, ta kuma jawo sabuwar iska da mai cikin silinda. Silinda ta cika sosai, bugu ya yi nauyi. In ta dawo da wuri ko a makare, abin da ya iso a lokacin yana iya zama matsi, ya mayar da hayaƙi ciki, har ya turo shi ta kafireto.

Manomin rani a wannan yanki ya san kwatankwacin wannan a gonarsa. Lanƙwasasshen bututun da yake ɗorawa a kan gaɓar ƙaramin kanal, in ya cika da ruwa ya fara gudu, ruwan gaba ne ke janyo na baya. In bututun ya fi ƙarfin ruwan da ke akwai, iska ta shiga, ja ya yanke. Hayaƙi ma sai ya cika bututunsa yana gudu sannan yake jan na bayansa.

Nan ne maganar "a buɗe masa ya sha iska" ke yin kuskure. Gaskiya ne toshewa ba ta amfanar inji, kuma masu cewa inji yana son a ɗan danne masa hayaƙi su ma ba su faɗi daidai ba. Abin da yake so shi ne hayaƙi ya fita da sauri. Saurin kuwa faɗin bututu ke yanke shi. Mai walda da ya cire bututu mai inci ɗaya ya sa mai inci ɗaya da rabi yana ganin ɗan ƙari ya yi, alhali hanyar hayaƙi ta ninka sau biyu da kwata. Hayaƙi ɗaya ne zai bi ta, saboda haka gudunsa ya faɗi ƙasa da rabi. Sai mai babur ya tarar yana tashi da kaya inji na shaƙewa, sai ya riƙe kulochi ya murɗa totur sosai kafin ya motsa. A Roadmaster CD200, inji gaba ɗaya 194cc ne, wato kowace silinda 97cc, kusan girman injin Boxer guda. Kowane bututu da zai fito daga kanta na ƙaramin inji ne, ba na babban babur ba, ko da yake ido na son ya ga ƙato.

Tsawo ma da lissafinsa. Bututu mai mita ɗaya, igiyar matsi za ta je ta dawo cikin kusan kashi huɗu cikin dubu na daƙiƙa. In inji na juyi 6,000 a minti, a wannan ɗan lokaci karanshaf ya yi tafiyar digiri 144. In yana juyi 3,000, digiri 72 kawai ya yi. Ma'ana tsawo ɗaya ba ya dacewa da kowane gudu. Dogon bututu siriri yana ba da ja a ƙasa, gajere mai faɗi yana tura ƙarfin can sama inda manomi ba ya zuwa. Kamfanonin Japan sun san da wannan ciwon kai, shi ya sa Yamaha ta fito da bawul na musamman a cikin bututun hayaƙi a 1987, mai suna EXUP, wanda ke takaita hanya ko ya buɗe ta gwargwadon juyin inji. Mu da ba mu da wannan, dole mu zaɓi wuri guda, kuma wurinmu ƙasa ne da tsakiya.

A babur mai silinda biyu akwai ƙarin tambaya da ba ta taso wa mai ɗaya: wace tazara ce tsakanin bugun silinda ta farko da ta biyu? A tsofaffin Honda irin su CD175 da CD200, da Triumph da BSA na Ingila na da, fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, suna kamawa bi da bi, tazarar digiri 360 daidai wa daida. A wasu, kamar Kawasaki Ninja 250 da 300, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, tazarar ta zama 180 sannan 540. Sabbin yayi, tun daga Yamaha TRX850 ta tsakiyar shekarun 1990 zuwa MT-07 da Honda Africa Twin ta 2016 da Royal Enfield 650, tazararsu 270 ce sannan 450, irin ta Ducati mai silinda biyu a buɗe kamar harafin V. Harley-Davidson ta Amurka kuwa 315 da 405. Kunne yana jin bambancin: na farko sautinsa a jere yake sumul, sauran suna da ɗingishi a cikin kiɗansu. Wanda zai haɗa bututu biyu bai san wannan tazara ba, a makance yake aiki.

Hanyoyi uku ne a gabansa. Ko ya bar kowace silinda da bututunta da salansarta, ko ya haɗe su su zuba cikin salansa guda, ko ya bar su biyu amma ya gitta ɗan bututu a tsakaninsu. Na farko ya fi sauƙi kuma ya fi wuyar lalacewa, sai dai nauyi da kuɗi. Na biyu ne samari suka fi so, kuma in an yi shi da kyau yana da amfani na gaske: dunƙulen hayaƙin silinda ta dama, in ya wuce mahaɗa da gudu, yana barin zuƙa a bakin bututun hagu, ya share masa hanya. A injin da tazararsa take 360 wannan yana zama daram, da sharaɗin bututun biyu tsawonsu ɗaya, kuma sun haɗu a kwance cikin sassauci kamar harafin Y. A inji mai 180 abin ya fi wuya, domin bugu na biyu yana biyo na farko tun hayaƙinsa bai gama wucewa ba, sannan a yi dogon shiru. Silinda ɗaya ta riƙa samun hanya a share, ɗayar ta riƙa samun cunkoso.

Abin da na fi gani a rumfunanmu, kuma yake damuna, shi ne haɗin da ake yi da gaggawa: a huda gefen bututu ɗaya, a cuso ɗayan a tsaye kamar harafin T, a lafta walda. In ka leƙa ciki da tocila za ka ga bakin bututun ya zarce ya tare rabin hanya, ga ɗigon walda a daskare kamar haƙora. Na hagu kuma ya zagayo ta ƙarƙashin inji, ya fi na dama tsawo da taƙi guda ko fiye. Irin wannan haɗi hayaƙin ɗaya yana dukan na ɗaya ne kawai. Hanya ta uku, wato gittaccen bututu, ita ce ta fi yafiya ga mai aikin hannu. Kamfanonin Ingila sun yi amfani da ita sosai a ƙarshen shekarun 1960. Tana bai wa kowane bugu damar rarrabuwa cikin salansa biyu, ƙara ta ragu, tsakiyar totur ya yi laushi. Ga mai tada tsohuwar Roadmaster don aikin gona, shawarata ya tsaya a salansa biyu iri ɗaya.

Na ce iri ɗaya da gangan. CD175 da CD200 kafireto ɗaya ke ciyar da silinda biyunsu. Idan salansar dama ta asali ce, ta hagu kuma wadda aka ciro daga wani babur aka fafe, silinda biyun ba za su yi numfashi daidai ba, kuma babu yadda za ka saita wa kowacce mai dabam. Ciro fulogi biyun ka ajiye su gefe da gefe bayan doguwar tafiya. Sau da yawa za ka ga ɗaya baƙi ƙirin da tokar hayaƙi, ɗaya fari fat kamar an goga masa alli. Farin nan shi ne abin tsoro. Yana nufin mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, wuta na ci da zafin da ya wuce kima. Inji mai sanyaya kansa da iska, yana rarrafe da buhu biyu a kan gaɓar kanal inda iskar ba ta kaɗa shi, ba zai daɗe a haka ba sai bawul ya ƙone ko fistin ya kama. Kalar da ake nema ita ce ruwan ƙasa-ƙasa a duka biyun.

Shi ya sa duk wanda ya canja salansa bai koma kan kafireto ba, rabin aiki ya yi. Fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi, kuma inji mai ɗaukar kaya yana son mai ya ɗan fi haka yawa. Canjin bututu yana canja yawan iskar da ke shiga, don haka sai an duba jet da allura. Harbin da ake ji "tas-tas" in an saki totur, wanda wasu ke alfahari da shi, yawanci alama ce ta ƙarancin mai ko iska na shiga ta gasket ɗin wuyan salansa. Manyan babura na zamani masu kwamfuta sun fi wuyar sha'ani. Suna da na'urar auna iskar oksijin a jikin bututu, da saƙar nan mai tace hayaƙi da ake kira indomi a gareji. Cire su ba tare da sake saita kwamfutar ba yakan bar inji cikin ruɗani, ga hayaƙi mai guba da ya ƙaru.

Wanda ke da inji mai bugu biyu, irin Jincheng AX100 da ta cika Kano a shekarun 2000 ko tsohuwar Suzuki da Yamaha masu shan baƙin mai tare da fetur, shi salansarsa rabin injinsa ce. Ba shi da bawul, saboda haka siffar bututun ce ke janye hayaƙi sannan ta mayar da sabon man da ya biyo shi cikin silinda. Injiniyan da ya fi kowa suna a wannan fanni shi ne Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas. A 1961 mai tseren babur na kamfanin, Ernst Degner, ya tsere ya koma Suzuki da ilimin, a 1962 ya ci gasar duniya ta ajin 50cc. Bakanikenmu da ke zare salansar Jincheng ya ɗora ta a kan wuta har baƙin da ya daskare a ciki ya ƙone, sannan ya bubbuga ta da sanda toka na zubowa, aikin hankali yake yi: yana mayar wa bututun siffarsa ta asali. Mai yanke ta ya gajarta shi ne mai ɓarna.

Cikin salansa ba wani sihiri ba ne. Wata ɗakuna gare ta, da faranti da gajerun bututu masu sa sauti ya yi ta karo da kansa har ya mutu. Wata kuma bututu ne miƙaƙƙe mai huji-huji, an naɗe shi da ulun gilashi ko na ƙarfe mai shanye sauti. Ta biyun tana barin hayaƙi ya wuce sosai ba tare da ta fasa kunne ba, kuma mai walda na Kura zai iya yin ta in ya samu kayan. Don haka zaɓin ba tsakanin toshewa da hayaniya yake ba. Girman tukunyar salansa shi ke sayen shiru, ba ƙuntata hanya ba.

Maganar ƙara ba ta ɗanɗano ba ce kawai. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin da kunne zai jure biyu. Babur da aka fafe yana wuce wannan nesa ba kusa ba, kuma kunnen da ya fi kusa da shi na mai shi ne da na yaron da ya goya. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Nijeriya tana da dokar ƙayyade hayaniya ta 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma a ƙauye abin da ya fi doka tasiri shi ne kunyar maƙwabta. Mai fita ban ruwa da asuba ya ratsa tsakiyar gari da fafaffiyar salansa ya tashi jariri, ya tashi mara lafiya, ya firgita shanun huɗa, kuma babu abin da ya ƙaru da shi.

Ga masu walda ina da roƙo guda mai nauyi: su guji bututun famfo mai farin shafi. Shafin nan tutiya ce, in wuta ta taɓa ta tana tada farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma yaran shago ne suka fi shaƙarsa. Baƙin ƙarfe siriri ya wadatar, wanda ba ya tsatsa ya fi in da hali. Lanƙwasa ma a kula da ita, domin bututun da aka murɗa har ya lotse a gwiwa ya riga ya rasa faɗinsa a wurin. Tsohuwar dabarar cika shi da busasshen rairayi, a toshe bakinsa, a gasa sannan a lanƙwasa, tana nan da amfaninta, amma rairayin ya bushe ƙayau, don mai danshi tururinsa na iya fashewa. A bar wa salansa maƙala ta baya mai roba, in ba haka ba girgiza za ta tsage ta a wuya. A ɗaga ta daga ƙasa saboda kunya da taɓo. A mayar mata da garkuwar zafi, don buhun leda da igiyar roba da zanen mace da ƙwaurin yaro duk a kanta suke sauka. Ruɓewa kuwa daga ciki take farawa: lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa a tururi, kuma babur da ke gajerun zirga-zirga da sanyin hunturu ba ya zafin da zai busar da shi.

Injin ban ruwa ma a nan yake shigowa, tunda bakanike ɗaya ke gyara su. Salansarsa takan faɗi, a ci gaba da aiki haka nan. Tartsatsin da ke fita daga irin wannan inji kusa da busasshiyar alkama ko tarin bambaro ya isa ya cinye noman shekara. Mafi muni shi ne saukar da inji cikin rijiya ko rami don ya kusanci ruwa. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, tana taruwa a wurin da iska ba ta zagayawa, mutum ya sauka duba inji ya faɗi, mai bin sa ceto shi ma ya faɗi. A kashe inji, a jira, a ɗaura wa mai sauka igiya.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, kuma wannan ya ba mu ma'aunin da kunne ba zai ba mu ba. Wanda ke son sanin ko gyaran salansarsa ya yi amfani ba ya buƙatar na'urar kamfani. Ya zaɓi hanya guda da ya saba bi, ya ɗora kaya iri ɗaya, ya auna mai da kwalba, ya bi ta kafin gyara, ya sake bin ta bayan gyara. Ya lura da giyar da yake hawa tudu da ita, da yadda babur ke tashi daga tsaye ba tare da an ja kulochi ba, sannan ya ciro fulogi ya duba. Ya kuma gaya wa mai walda tun farko ya ajiye masa abin da ya zare daga cikin salansar, kada a jefa shi cikin kayan gwangwan, domin da yawa sukan dawo nemansa kafin kakar shinkafa ta zagayo.